Cittar da Inna Take Nema

Hausar Inna ta tafi ne rana guda, tare da hannunta na dama. Da hantsi ta faɗi a bakin murhu a gidanmu na Tudun Wada a Gombe, tana cikin tankaɗen gari. Kafin azahar muna asibiti, likita yana gaya mana hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki. Ni ina gidan mijina a Pantami aka kira ni, na fito da takalmi wari da wari ban ma sani ba. Da ta buɗe ido na sunkuya a kanta na ce, "Inna, sannu. Kin gane ni?" Ta dube ni sosai, ta motsa bakin nan da ya karkace, sai ga magana ta fito da harshen da ban taɓa ji a bakinta ba sai in tana ciniki da mai tallan nono. Fulatanci take yi mini.

Inna Bafulatana ce daga wata ruga can gabas, wajen iyakar Adamawa. Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, Bakano ne mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, kuma mutum ne mai son a ji bakinsa a gidansa. In ya ji ta fara yi mana Fulatanci sai ya ce, "Ke, nan fa ba ruga ba ce, kada ki mayar mini da 'ya'ya makiyaya." Da wasa yake faɗa, amma wasan da ake maimaitawa kullum ai doka ne. Haka ta raine mu da Hausa, ni da Yayana namiji, mu biyu kacal da Allah ya bar mata. Hausar tata ma ta fi tawa, domin in Inna ta yi miki habaici sai kin je gida kin kwanta kafin ki gane an zage ki. Abin da muka tsinta na Fulatanci bai wuce na kowane ɗan Gombe ba, irin su ndiyam ruwa, kosam nono, sai zagi ɗaya ko biyu. Danginta kuwa sun daɗe da bin shanu sun yi nisa, babu wanda muke da lambarsa.

Likita ya ce hakan yana faruwa. Wani lokaci ciwon yakan share harshen da mutum ya koya da girmansa, ya bar masa wanda ya sha a nono, shi ma a gutsuttsure. Ya ce mu yi haƙuri, wataƙila ta dawo da sannu. Aka gwada maƙogwaronta aka ga tana iya haɗiye abu mai laushi in an bi ta a hankali, aka sallame mu. Na kwaso kayana na dawo Tudun Wada jinya, mijina ya ce in zauna har sai yadda Allah ya yi.

A gida ne masifar ta fara. Inna ta ƙi cin abinci.

Ruwa takan sha, kaɗan-kaɗan. Amma da zarar cokali ya doso bakinta da kunu ko fate ko tuwo mai ruwa-ruwa, sai ta ɗanɗana a kan harshe, ta turo shi waje, ta juya fuska bango ta ce, "Mi yiɗaa." Wannan kam mun koye shi da wuri, ba na so ke nan. Da farko mun ce ko kunya ce, macen da ba ta taɓa yarda wani ya wanke mata ko ɗankwali ba yau ana ba ta a baki kamar jaririya. Muka ajiye mata kwano muka fita, ko za ta ci da hannun hagu in babu ido. Muka dawo muka tarar da ƙuda ne kawai ya ci. Muka ce ko maganin asibiti ne ya kashe mata baki. Aka kawo rubutu, aka yi tofi a ruwan zamzam, ta sha duka ba musu, amma abinci ko loma. Ga zafin bazara irin na Gombe, wanda ko mai lafiya yana zaune yana tsiyayewa. Ina kallo wuyanta yana ramewa, zoben azurfar da ya shekara da shekaru ya ƙi fita daga yatsanta ya zame da kansa a cikin ruwan wanka.

Wata safiya ina goge mata baki, sai ta kama zanina da hannun hagu ta ce, "Citta."

Na saki tsumman. Na ce, "Inna, me kika ce?"

"Citta," ta sake faɗa, tar da ita, babu ko gargada.

Wayyo, murnar da muka yi ranar! Na fita tsakar gida ina kiran Yaya da matarsa ina cewa Hausar Inna ta dawo. Yaya ya shigo ya durƙusa ya ce ta maimaita, ta maimaita, ya fita yana share ido, har ƙosai ya sa aka raba wa maƙwabta sadaka. Kalmar Hausa ta farko tun ranar da ta faɗi, kuma abin da take so ta ambata, abin da ke cikin kowane kicin. Kafin a ce me, matar Yaya ta daka citta ta dama kunun gero mai ƙamshi. Na kai mata baki. Ta ɗanɗana, ta dube ni, ta turo shi waje.

Na ce wataƙila ta yi kaɗan, muka ƙara. Na ce wataƙila busasshiya ce ba ta so, aka sayo ɗanya na kankare na goga na tace. Muka yi shayin citta da zuma, muka yi farfesun kaza muka cika shi da citta har matar Yaya tana atishawa, na yanka ta siri-siri na ɗora mata a kan harshe kamar alewa. Komai muka kawo sai ta ture, ta ce "citta," da ƙarfi, tana dukan katifa. Har na kai ga ɗauko saiwar cittar guda, mai yatsu, na danƙa mata a hannu na ce, "Inna, ga ta nan! Wannan ita ce citta! Me kuma kike so in yi?" Ta ɗaga ta ta jefa mini a ƙirji. Ni kuma, da yake Allah bai ba ni sanyin zuciya ba, na tashi na fita bayan ɗaki na yi ta kuka ina cewa wannan wace irin jarabawa ce, mutum ya nemi abu a ba shi ya ƙi.

Babu wanda ya yi tunanin a tambayi mai jin Fulatanci. Sauran maganganunta mun sha kiran mutane su saurara mana, su ce bakin ya karkace ba sa kamawa. Amma citta? Wa zai je neman tafinta a kan citta? Ai mun ɗauka ita ce kaɗai kalmar da ba ta buƙatar kowa a tsakaninmu da ita.

Da jikin ya yi tsanani muka koma asibiti. Aka ƙara mata ruwa, sannan aka zura mata roba ta hanci har ciki, ana ɗura mata kunu da sirinji. Ban taɓa ganin ido irin na Inna a lokacin ba. Ba ta yi kuka ba, kallo kawai take bin mu da shi ɗaya bayan ɗaya. Na fita alwala na dawo na tarar ta fizge robar da hannun hagu, jini yana bin leɓenta har kan matashi. Wata nas mai kirki, Bafulatanar cikin gari, ta zo tana lallashinta. Inna ta kama ta ta ce "citta," nas ɗin ta juyo ta ce mini, "Citta take so, Hajiya, ku sa mata a shayi." Na ce mata mun gode, don ba ni da ƙarfin ba ta labari.

Likita ya kira mu gefe ni da Yaya. Ya ce ruwan leda ba abinci ba ne, ba zai riƙe mutum ba. Mu koma gida mu ƙara gwadawa, in ranar dawowa ta yi ba ta fara ci da bakinta ba, dole a mayar da robar, kuma wannan karon sai an ɗaure hannun a jikin gado. Yaya ya ce to. Ni na ce wallahi babu mai ɗaure mini uwa kamar akuya a turke. Yaya ya ce in rufe masa baki a gaban mutane. Likita ya dube ni ya ce, "Hajiya, ni ma ba son raina ba ne. Amma in ba haka ba, yunwa za ta riga ciwon." Muka ɗauko ta muka dawo.

A nan dole in faɗi wani abu game da Inna da yaji, don kada a ce mu wawaye ne. Mun san tana son barkono, duk Tudun Wada an sani. A zamanin ƙarfinta miyar gidanmu ba kowane baƙo ke gama kwanonsa ba. Tana da dokokinta a kai: tattasai don miya ta yi ja ne kawai, ba ta lissafa shi cikin masu yaji, shambo na masu tsoro ne da ke son a ce sun ci, attarugu don ƙamshi, musamman ruwan ɗorawar nan, zafi na gaskiya kuwa sai tsiduhu, ɗan mitsitsin barkonon nan da bai kai ƙwayar wake ba, wanda tsuntsaye ke shukawa a bayan gida. In mura ta kama ɗayanmu babu zancen kemis, farfesu za ta yi ta zuba yaji, ta tsaya a kanka har sai gumi ya karyo hanci ya buɗe. Takan ce yaji yana buɗe ciki, yana kore kasala, mai jego ma da shi take tashi. Baba yakan tsokane ta ya ce, "Wannan abin da kike taƙama da shi fa baƙo ne. Turawa suka kawo shi a jirgin ruwa daga wata ƙasa bayan teku, shi da masara da rogo." Ta ce, "To kafin jirgin ya iso da me kakanninka suke cin tuwo?" Ya ce da masoro da kimba da citta. Ta ce, "Allah sarki, ashe sun sha wahala."

Amma duk wannan tsohon labari ne. Shekaru kafin ta faɗi, tun da aka ce tana da hawan jini kuma tana yawan kukan zafin ƙirji, Yaya ya kafa doka a gidan: ba gishiri, ba maggi, ba yaji a kwanon Inna. Shi ke ciyar da gidan, kuma tsakani da Allah don ƙaunarta ya yi. Ta yi faɗa, ta yi habaici, ta yi yajin cin abinci na yini guda, daga baya ta haƙura ta daina magana. Tukunyarta daban, fara sol kamar ta mai takaba da ɗanɗano. In uwa ta daina roƙon abu, 'ya'ya sukan ɗauka ta daina so ne. Mu dai haka muka ɗauka, kuma ko a mafarki ba mu kawo barkono kusa da mai shanyewar jiki ba.

Ana jibi za mu koma asibiti, maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Tangale da suka shekara talatin suna musayar garwashi da Inna ta kan katanga, ta shigo dubiya bayan ta taso daga coci. Ta ga yadda Inna ta koma, ta riƙe baki. Da na ba ta labarin citta sai ta ce, "'Yata, ai citta ba ɗaya ba ce. Kun gwada mai ƙwaya? Wadda ke cikin kwanso, tsofaffi suna taunawa?" Ban gwada ba. Ban ma tuna da ita ba. Washegari da sassafe na yafa mayafi na hau acaɓa sai babbar kasuwa, ina addu'a a hanya kamar mai zuwa ɗaukar sakamakon jarrabawa.

Na shiga layin masu kayan yaji, inda ƙamshin kanumfari da daddawa ke haɗuwa ya shaƙe mutum. Na tsaya gaban wani mai tebur ina jira ya sallami wata Bafulatanar daji da ta riga ni, da ƙwaryar nononta a ka. Suna ta magana da Fulatanci, ni hankalina ma ba ya wurin. Sai na ji ta ce "citta." Kunnena ya riga ya zama na kalmar nan, ko a cikin barci aka faɗe ta sai na farka. Na ɗago kai. Sai na ga mutumin ya kai gwangwani cikin buhun jan barkono busasshe, ya cika, yana juye mata a leda.

Ni da shiga abin da ba ruwana, ga rashin barci, ga zuciya a wuya. Na ce, "Haba Malam, ka ji tsoron Allah mana. Citta baiwar Allah ta ce maka, ka ɗebo mata barkono don ka ga ba ta jin Hausa?"

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai cittarsu ke nan."

Na ce, "Kamar yaya?"

"Su can wajensu haka suke kiran barkono. Tambaye ta ki ji."

Na juya wurin matar. Na ɗebi barkonon a tafin hannuna, na ce, "Goggo, don Allah mene ne sunan wannan?" Ta dube ni kamar mai tambayar sunan ruwa, ta ce, "Citta." Na ɗauko saiwar citta mai yatsu daga ɗaya buhun na ce, "Wannan fa?" Ta ce da 'yar Hausarta ita ma citta ce, amma sai an ƙara mata wani suna a baya, in an ce citta kawai to ja ake nufi, mai zafi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan buhun mutumin ba tare da na nemi izini ba. Ashe Hausar Inna ba ta taɓa dawowa ba. Ashe duk kwanakin nan Fulatanci take yi mana, mu kuma muna ta murna muna raba ƙosai. Ga shi Baba da bakinsa ya sha faɗa cewa citta ta riga barkono zuwa, to mene ne abin mamaki in wasu mutane sun ga baƙo mai zafi sun ba shi sunan mai zafin da suka sani? Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Barkono yana cikin kicin ɗinmu, taku kaɗan daga gadonta, matar Yaya tana jajjaga shi kullum ƙamshin yana shiga har ɗakin, ita kuma tana kwance tana kiran sunansa.

Mai tebur ya tsorata ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce ya ba ni barkono, kowane iri yake da shi. Ya ɗebo dogon busasshe, na ce tsiduhu fa, ya laluba ƙarƙashin tebur ya fito da wani ɗan ƙulli, ya ce ba kowa ke tambayarsa ba yanzu. Na bi ta wurin masu kayan miya na ƙara attarugu ja da ruwan ɗorawa, da shambo, har da tattasai, don na rantse wannan karon ba zan yi wa Inna zaɓi ba. Cittar nan mai ƙwaya da na zo saya ko tunawa da ita ban yi ba.

Na tarar da ita yadda na bar ta, fuska a bango, numfashi sama-sama. Na ɗauko faifai na jera su duka, na sa saiwar citta a gefe guda, na tallafo ta na jingina da matashi. Na ce, "Inna, duba nan. Nuna mini." Da ƙyar ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallon faifan. Sai hannun hagun nan, da ya zama ƙashi da fata, ya taso a hankali, ya wuce saiwar citta, ya wuce tattasai da shambo, ya ɗan tsaya a kan attarugu, sannan ya sauka a kan tsiduhu. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta kai hanci. Ta dube ni ta ce, "Citta," a hankali, irin yadda ake gaya wa yaro abin da aka gaji da gaya masa. Hawaye ya gangaro mata ta ido ɗaya.

Ban tsaya kuka ba. Na fita na hura wuta na ɗora miyar kuka, don tana da santsi ba ta wahalar haɗiya, na tuƙa tuwon dawa mai laushi. Ina cikin murƙushe tsiduhu a turmi Yaya ya shigo daga kasuwa cin abincin rana. Ya ga faifan, ya ga ƙaramar tukunyar Inna a kan wuta, ya ce, "Ke, wa za ki ba wannan?"

Na ba shi labari a tsaye, ina daka. Ya ce, "Ba a gidan nan ba. Mace tana kwance jini ya kayar da ita, cikinta babu komai sai ruwa, ki ɗura mata barkono? So kike ki ƙarasa ta?"

Na ce, "Yaya, yunwa ce take ƙarasa ta, kai kuma kana tsaye kana gadin cikinta."

Ya ce, "Wata mai tallan nono ta faɗi magana a kasuwa, shi ke nan kin zama likita?"

Na ce ba mai nono ba ce ta faɗa, Inna ce ta nuna da hannunta, in yana shakka ya shiga ya gani. Ya ƙi shiga. Ya sunkuya zai ɗauke turmin, na riƙe. Tunda nake ban taɓa ja da Yaya hannu da hannu ba, shi ne ya tsaya mini a matsayin uba ranar aurena, amma ranar na ce masa, "Wallahi sai dai ka karya hannun. Gobe za ka kai ta a ɗaure ta a gado, yau ka bar ni in ba ta abin da ta roƙa da bakinta." Matarsa ta fito tana ba mu haƙuri tana cewa maƙwabta suna ji. Na ce su ji.

Ya saki turmin, ya ciro waya ya kira likitan, ya buɗe murya don in ji da kunnena a kunyata ni. Likita ya saurara har ƙarshe. Ya ce gishiri ne babban abin gudu ga hawan jini, ba barkono ba, kuma barkono ba ya huda ciki, sai dai ya tayar wa wasu da zafin ƙirji. Ya ce kada a ba ta garin yaji busasshe don kada ta ƙware, a dafa shi cikin miya a tace, a fara da kaɗan, a zaunar da ita sosai. Sannan ya ce, "Alhaji, a halin da take ciki, duk abin da zai sa ta buɗe baki ku ba ta." Yaya ya kashe wayar. Ya je ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ya haɗa kai da gwiwa.

Na tace miyar, na ɗiga man shanu, na gutsuro tuwo kamar kan yatsa na dulmiya. Na yi bisimilla na kai mata. Na san in ta turo wannan, ba ni da sauran dabara a duniya. Ta buɗe baki kaɗan. Lomar ta zauna a kan harshenta, ina kallon maƙogwaronta, ina jira. Ta runtse ido. Ta ja iska ta tsakanin haƙora, irin jan da mai cin yaji yake yi. Sai maƙogwaron ya motsa.

Ta sake buɗe baki da kanta.

Ban san lokacin da na fara cewa "Alhamdulillahi" da ƙarfi ba. Gumi ya tsattsafo mata a goshi da kan hanci, hancin ya fara zuba, ina sharewa ina ba ta. Ta yi tari sau ɗaya, Yaya ya zabura ya shigo, ta ɗaga masa hannu alamar ya tsaya. Da na ga ta ci abin da ya kai cikin tafin hannu na janye kwanon don kada a yi gaggawa, ta kama bakin kwanon ta riƙe. Yaya ya juya mana baya yana kallon bango, kafaɗunsa suna rawa.

Da ta ƙoshi na ba ta ruwa, na gyara mata matashi zan tashi. Sai ta kama wuyan hannuna ta jawo ni kusa. Ta fara magana. Wannan karon ba kalma ɗaya ba ce, magana ce doguwa, a hankali, tana tsayawa tana nemo numfashi tana ci gaba, idonta cikin nawa. Tun da ta faɗi ba ta taɓa haɗa zance mai tsawon haka ba, kuma ba ta sake ba. Na ce, "Na'am, Inna. To, Inna." Na waiwaya wurin Yaya ko ya kama wani abu, ya girgiza kai. A ƙarshe ta maimaita wasu 'yan kalmomi har sau biyu, tana matsa hannuna, sannan ta sake ni ta rufe ido.

Ba a mayar da robar ba, ba a kuma ɗaure ta ba. Ta ci gaba da cin tuwonta da tsiduhu har damina ta sauka ta wuce, ta ɗan yi kumari, har takan zauna a tsakar gida da yamma. Bayan an yi girbi ciwon ya sake bugunta, wannan karon bai bar mana komai ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Kalmomin ƙarshen nan da ta maimaita suna nan a kaina, da sautinsu da inda ta ja da inda ta tsaya, ko yanzu zan iya faɗinsu. A garin nan kuwa ba sai na yi nisa ba, daga ƙofar gidana zuwa bakin titi zan sami mai fassara mini. Sau da yawa na tsayar da mai nono, na sayi abin da ba na buƙata, bakina ya buɗe, sai in ce ta ƙara mini suga. Wataƙila albarka ta sa mini. Wataƙila kuma tambayata ta yi me ya sa na bar ta da yunwa tsawon kwanakin nan tana kira ina tsaye a kanta. A nan ma ba zan rubuta su ba, domin na san a cikin masu karanta wannan akwai mai jin Fulatanci.